Kwamfutar Da Baba Sada Ke Magana Da Ita

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ba marubuci ba ne, mai gyara ne, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Abin da zan ba ku ba a majalisa na ji shi ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, idona biyu, kuma wallahi tallahi ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Sunaye kawai na sauya, saboda iyalan suna nan cikin gari, muna haɗuwa.

Shekara bakwai ke nan ko takwas, lokacin ina da ɗan shago wajen Ƙofar Marusa ina gyaran waya da kwamfuta. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, teburi ɗaya, benci ɗaya, sai kwalaye cike da matattun wayoyi. Jikin shagona akwai na Bulus, mutumin Filato, mai fotokwafi da buga takardu, janareto ɗaya muke ja ni da shi, kuma ya daɗe a Katsina har in yana magana ba ka cewa ba nan aka haife shi ba. Na ambace shi ne don shi ma ya ga wani ɓangare na abin, yana nan da ranshi.

Wata Talata cikin bazara, irin zafin nan da fanka ke hura maka wuta, wajen ƙarfe goma na safe, napep ya sauke wata mata a ƙofar shagona. Za ta yi shekara hamsin da 'yan kai, da farin gilashi, rungume da wani abu cikin rigar filo. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, duk tana amsawa amma kana gani ka san hankalinta ba ya wurin. Ta ce sunanta Hajiya Binta, malamar makaranta ce, gidansu yana Ƙofar Durbi. Ta zaro wata tsohuwar laftof baƙa mai nauyi ta ajiye a kan teburi a hankali kamar jinjiri.

Ta ce, "Malam, kibod ɗin ne ya tsaya. Don Allah yau nake son ta, yau ɗin nan."

Na yi 'yar dariya na ce Hajiya ai kowa haka yake cewa. Ba ta yi dariyar ba, sai ta zauna a kan benci ta ba ni labari.

Mahaifinta, Malam Sada, tsohon mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati, ya fi shekara talatin yana wannan aiki. Shekara biyu kafin lokacin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ɓangaren dama ya tafi, harshe ma ya tafi gaba ɗaya, sai gurnani. Abin da Allah ya bar mashi shi ne hankalinshi da yatsu biyu na hannun hagu. Biro ba ya riƙuwa, maɓallan waya sun yi mashi ƙanƙanta, to sai suka samo mashi wannan kwamfuta, aka saita ta da an kunna sai farin shafi ya buɗe da manyan baƙaƙe, a ɗora mashi a kan faranti bisa filo, ya riƙa dannawa ɗaya bayan ɗaya. Da ita yake cewa a ba shi ruwa, da ita yake cewa a juya shi, da ita yake faɗa in shayi ya yi sukari, har tsokanar jikoki da ita yake yi. Ta ce min, "Malam, wannan ba kwamfuta ba ce a gidanmu, bakin Baba ne."

Ranar Asabar da ta wuce da yamma ya rubuta mata cewa ta tara mashi 'yan'uwanta duka, akwai maganar da yake son ya faɗa masu kafin ya tafi. Hankalinta ya tashi, ta bi kowa da waya, har yayanta Lawal da ke aiki a Kaduna ya taso. Ranar Lahadi suka cika ɗakin, su shida, aka ɗora mashi faranti, aka kunna, sai ta tsaya a baƙin sikirin, babu maɓallin da ke amsawa. Tun ranar Baba bai sake cewa komai ba. Kwana uku ke nan yana kallon su suna kallon shi, ya daina karɓar abinci sai ɗan kunu da ƙyar, Lawal kuma hutun da ya ɗauka ya kusa ƙarewa.

A raina na ce ai wannan aikin awa ɗaya ne. Har na faɗa mata haka, Allah ya yafe min. Na ce ta je ta dawo bayan azahar.

Na kunna. Baƙin sikirin, 'yan layukan Turanci, a ƙasa ta ce a danna F1 kafin ta wuce. Na danna, shiru. Na danna maɓallin manyan baƙaƙe in ga ko 'yar fitilarshi za ta kama, ba ta kama ba. Na yi abin da kowane mai gyara ke fara yi, na zare caja, na cire batiri, na danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti don wutar da ta maƙale a ciki ta fita, na mayar, na kunna, jiya i yau. Na leƙa wajen Bulus na aro kibod ɗin babbar kwamfutarshi na jona, fitilarshi ta yi walƙiya sau ɗaya ta mutu. Na sauya rami, duk ramukan uku na gwada, babu. Na ce shi ke nan na ƙona wa Bulus kaya, na mayar mashi da sauri, yana jonawa a tashi ya ci gaba da aiki lafiya lau.

Nan na ɗauko sukundireba na kwance ta. Na zaci shayi ne ya zube a ciki ko tururuwa sun yi gida, don mara lafiya ke amfani da ita, amma cikinta tas kamar ba ta taɓa aiki ba. Na zare siririyar wayar nan mai faɗi kamar leda da ke haɗa kibod da allon ciki, na goge bakinta da sifirit da buroshi, na mayar, babu. Na hau mashin na shiga kasuwa na samo sabon kibod irin nata, na ɗaura, babu. To abin da ya fara ɗaure min kai, ina da wata laftof irinta sak ta wani kwastoma, na ɗauki tsohon kibod ɗin Baba na sa mata, wallahi kowane maɓalli yana aiki, daga na farko har na ƙarshe.

Na cire ƙaramin batirin nan na ciki mai kama da kwabo, na bar ta minti goma, na sa sabo. Wannan karon ta wuce baƙin sikirin, farin shafin Baba ya buɗe, har na yi hamdala, na danna baƙi ɗaya, shiru. Na jona maus, shi yana yawo, na buɗo kibod ɗin da ke fitowa a jikin sikirin ina dannawa da maus, kana ganin maɓallin yana lotsawa amma ko ɗigo ba ya fita a shafin. Na cire had dis ɗinta, wato inda take ajiye komai, na sa wani nawa mai sabon tsari, duk ɗaya. Na kira ogana da ya koya min aiki a Kano, na zayyana mashi, ya ce wani ɗan abu ne a allon ya ƙone. Na ce to oga kibod na waje fa, da na jikin sikirin? Sai ya ce, "Kai, ka ba mai ita haƙuri kawai."

Hajiya ta dawo bayan azahar, ta sake dawowa bayan la'asar, ta tarar da ni cikin gumi, kwamfuta a wargaje. Ban san da wane baki zan ce mata na kasa ba. Sai dabara ta zo min, na ce Hajiya ai ba dole sai wannan ba, gobe da safe zan zo da tawa har gida, Baba ya yi maganarshi, ita kuma in ci gaba da fama da ita a hankali. Na zaci za ta yi murna. Ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta fasa, ta ce to Allah ya kai mu, ta yi min kwatance.

Laraba da hantsi na isa. Tsohon gida ne, zaure biyu kafin ka shiga, Lawal ya shigar da ni. Ɗakin Baba fes, ƙamshin turare da na magani, gadonshi na ƙarfe a jingine da bango, tsakanin gadon da bangon bai fi ka zura tafin hannu ba. Dattijo ne siriri, farin gemu, fuskar ta karkace gefe ɗaya, amma idon nan, jama'a, idon mai cikakken hankali ne. Na durƙusa na gaishe shi, Baba ina kwana, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, yana amsawa da lumshe ido. 'Ya'yanshi duk sun zagaye, wasu a ƙasa wasu a bakin ƙofa.

Na kunna tawa a gabansu, na buɗe shafi, na ƙara girman baƙaƙe, na rubuta salamu alaikum Baba, kowa ya gani, har wata ƙanwarsu ta ce alhamdulillahi da ƙarfi. Aka ɗora faranti, na ajiye mashi. Ya ɗaga yatsa yana rawa, ya sauke a kan maɓalli. Babu. Ya sake, ya sake. Na ce Baba bari in gani, na danna da kaina, babu. Kwamfutar da yanzun nan na yi rubutu da ita! Na kashe na kunna, wallahi sai ga baƙin sikirin, a danna F1, abin da tunda na saye ta ba ta taɓa yi min ba.

Sai Hajiya ta ce da ƙaramar murya, "Haka ta Yaya Lawal ta yi ranar Lahadi. Na ji tsoron in faɗa maka jiya ka ƙi zuwa."

Na ce a ba ni kwali da alƙalamin maka, na rubuta baƙaƙe manya manya daga a har z, na riƙe a gabanshi, na ce Baba ka nuna kawai, mu za mu haɗa. Lawal ya ce sun gwada, na ce a sake. Ya ɗago hannun, ya taho da shi, saura kaɗan ya taɓa kwalin, sai hannun ya koma ƙasa. Na san yadda hannun mara ƙarfi ke faɗuwa, yaraf yake yi. Wannan ba haka ba ne, a hankali ya sauka, yana turjewa, jijiyoyin sun tashi, har katifar ta lotsa a ƙarƙashinshi. Na kai hannu na kama shi don in taimaka mashi, sai na ji damtsen da ɗumi, tafin da ɗumi, amma daidai wuyan hannun, zagaye guda, sanyi ƙalau kamar an ɗaura mashi ƙanƙara. Kuma duk wannan abin Baba ba kwalin yake kallo ba, ba mu yake kallo ba, gefen bangon nan yake kallo, sama kaɗan da kanshi, sai ya juyo ya dube ni, ya sake duban wurin, hawaye na bin gefen fuskarshi yana shiga kunne.

Lawal ya ce likita ya ce ciwon ne ke ƙaruwa, malamai ma sun zo sun yi addu'a tun Litinin. Na ce haka ne, Allah ya ba shi lafiya. Na naɗe cajata na fito kamar ɓarawo. Ina zuwa zauren waje na tsaya na buɗe kwamfutata, ta tashi lafiya, kowane maɓalli na aiki. Na daɗe tsaye a zauren nan, na rasa in koma ciki ko in tafi. Na tafi.

Da na koma shago ban iya taɓa aikin kowa ba. Bayan azahar na sake janyo ta Baba, don dai kada in zauna haka. Na mayar mata da had dis ɗinta, na cire kibod gaba ɗaya na ajiye a kan benci, batiri ma na cire, har ɗan katin da take kama intanet da shi na zare, caja kaɗai ke jikinta. Na faɗi wannan ne don masu cewa wani ne ya shiga daga nesa, babu ta inda zai shiga. Na kunna, farin shafi ya buɗe, na bar ta nan ina kallon ramin da kibod ya bari, na rasa abin da ya rage in gwada.

Wajen ƙarfe uku da rabi, titi cike da mutane, masu napep na ta hon, na juya baya ina neman wani noti da ya faɗi, Bulus ya shigo aron filaya. Sai na ji ya ce, "A'a, ka gyara ke nan?" Na ce ina fa. Ya ce, "To wa ke rubutu?"

Na juyo. A saman shafin akwai b, akwai i, ina kallo n ta fito. Aka ɗan jima, t. Aka jima, a. Irin bugun mai yatsa ɗaya, a hankali, da tazara. Ga kibod can a kan benci, Bulus ma kusan a kanshi yake tsaye. Ya ja da baya ya ce Yesu, ni kuma innalillahi kawai nake maimaitawa. Kwamfutar ta sake rubuta binta, karo na biyu.

Na kira Hajiya a waya. Na ce Hajiya kina ina, ta ce tana tsakar gida. Na ce don Allah shiga wajen Baba yanzu ki faɗa min abin da yake yi. Na ji takunta, na ji ƙarar labule, sai ta ce, "Idonshi rufe. Amma shina buga yatsa bisa katifa. Malam, mi ya faru?" Na ce duk bugun da ya yi ki ce min ya buga. Ta ce ya buga, baƙi ya fito. Ta ce ya buga, wani ya fito. Wallahi ko sau ɗaya ba su saɓa ba. Na ce Hajiya ki natsu, Baba ne ke rubutu a nan, zan riƙa karanta maki.

Abin da ya fito, babu babban baƙi babu aya, shi ne: ku ce ya sakar min hannu.

Na karanta mata. Ta ce, "Wa? Baba, wa? Babu kowa ɗakin nan sai ni!" Aka jima sai ga rubutu: na gefen bango. Na ji ta ƙwala wa Lawal kira, na ji gudu, na ji ana jan gadon ƙarfen nan yana kuka a kan siminti, wani ya fara karatu da ƙarfi, mata na salati. Ni kuma ina nan tsaye da waya a kunne, ba abin da zan iya yi masu, ba ni da maɓallin da zan danna ko in ce Baba mun ji. Kwamfutar ta rubuta: ba ya so in fada. Sai shiru, minti ɗaya, biyu, ɗan layin nan da ke nuna inda rubutu zai fito na ƙiftawa kawai. Bulus ya ce bari ya kira mutane, ya fita da gudu wajen masallacin bakin layi, ya bar ni ni kaɗai.

Sai ga rubutu ya fito: ya sake ni. Na faɗa mata. Ta ce cikin kuka, "Ya buɗe ido, shina bin wani abu da kallo, har bakin ƙofa." Kwamfutar ta rubuta: ya fita. Daga nan bugun ya sauya, ya yi sauri, ka san tsohon mai tafireta ne ya samu hannunshi. Ina karantawa da ƙarfi tana maimaita wa 'yan'uwanta: binta maza ku saurara maganar ita ce tun kafin a haifi lawal ni da

Iyakar abin da na iya karanta mata ke nan.

Daga Ƙofar Durbi zuwa shagona ba nisa, in da mashin ne 'yan mintuna ne. Ban ga kowa ya shigo ba, ban ji motsi ba, hasken ƙofa bai ragu ba. Sanyi kawai na ji ya zagaye min wuyan hannun dama, wanda ke riƙe da waya, aka sauke min shi ƙasa a hankali, ina turjewa, har bayan hannuna ya manne da teburi. Na buɗe baki in yi a'uzubillahi, harshena ya yi nauyi kamar an cika min baki da tuwo. Ina jin muryar Hajiya 'yar ƙarama daga cikin wayar, "Malam! Shi da wa? Malam, karanta mana, shina ta bugawa!" Ina ji, ina gani, rubutu na ta zuba, layi ɗaya, biyu, uku, har huɗu, idona na kai, na rantse da Allah na karanta su a zuciyata, amma ko a ban iya cewa ba. Mutane na wucewa a ƙofar shagon, wata mai tallan fura har ta leƙo ta wuce. Ban taɓa sanin abin da dattijon nan ke ji shekara biyu ba sai a wannan lokacin.

Rubutun ya tsaya. Sai ya fara gogewa daga ƙarshe, baƙi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, layi na huɗu ya tafi, na uku, na biyu, har binta ɗin farko. Shafin ya koma fari. Sannan aka sake ni.

Lokacin da Bulus ya dawo da ladan da wasu mutum biyu, a ƙasa suka same ni zaune, na jiƙe sharkaf. Ladan ya yi ta tofa min addu'a, aka ba ni ruwa, sai da aka yi sallar la'asar aka idar sannan bakina ya buɗe. Bulus ya rantse masu a kan abin da ya gani, wasu suka yarda, wasu suka ce zafi ne ya buge ni. Na bincika kwamfutar daga baya ta duk hanyar da na sani ko ta ajiye wani abu, babu ko alama.

Kafin magariba Hajiya da Lawal suka zo. Suka ce tun lokacin da na yi shiru Baba ya yi ta bugawa, can ya tsaya, ya dube su ɗaya bayan ɗaya kamar mai jiran amsa, don shi a zatonshi ya faɗa, sun ji. Da ya ga fuskokinsu ya gane, sai ya juya kai ya rufe ido. Lawal ya riƙe min kafaɗa ya ce, "Malam, ka dai karanta. Ka tuna, don girman Allah." Na runtse ido, na yi iya yina. Layi huɗu na gani, amma abin da ya rage min a kai guntaye biyu ne kawai. Ɗaya laraba, ban sani ba ko sunan mace ne ko ranar ce. Ɗayan kuma, ba mu binne. Abin da ke gabansu da abin da ke bayansu duk ya tafi. Suka dubi juna, babu wanda ya san wata Laraba a danginsu. Daga baya Hajiya ta ce min sun tambayi ƙanwar Baba, tsohuwa ce ita ma, ita kaɗai ta rage a sa'o'inshi. Ta saurare su har ƙarshe, ta ɗauki butarta ta ce lokacin salla ya yi, ba ta sake yarda an tayar da zancen ba har ta rasu.

Washegari Alhamis na sake jona kwamfutar na zauna gabanta tun safe har yamma, ni da Bulus, waya a hannu, Hajiya na can kusa da Baba. Yatsan bai sake motsi ba. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinshi, na je jana'iza, na tsaya can baya. Ranar Asabar na mayar wa kwamfutar tsohon kibod ɗinta don in kai masu kayansu, na kunna, ta tashi, na danna, ta rubuta. Komai na aiki. Na kifa kai a kan teburi na yi kuka kamar ni aka yi wa mutuwar.

Ban san mene ne ba, jama'a, kuma kada wanda ya tambaye ni. Na kai wa malamai biyu labarin, ɗaya ya ce aljani ne, ɗaya ya ce in bar wa Allah saninshi in riƙe azkar, na biyun na bi. Sau ɗaya, bayan kamar shekara biyu, ina kan mashin wajen Ƙofar Sauri, ba tunanin komai nake ba, sai na ji layin farko na dawo min, kamar yadda sunan da ka manta ke zuwa bakin harshe. Kafin in kama shi na ji hannuna na dama ya fara sanyi a kan totur. Na gangara gefen titi na tsaya, na yi ta karanta duk abin da ya zo bakina, na ƙyale shi ya wuce. Ku ce tsoro ne, na yarda, tsoro ne. Ina da 'ya'ya.

Shawarata gare ku, in akwai maganar da ke cin ku wadda ya kamata iyalanku su sani, ku faɗe ta yau da bakinku yana motsi, kada ku ce sai an taru. 'Yan'uwana masu gyara kuma, in kun cire batiri, kun gwada na waje, kun sauya kibod, kun yi duk abin da aka koya maku abu ya ƙi, ku tambayi mai kayan labarinta, kuma kada ku zauna gabanta ku kaɗai.

Hajiya Binta ta yi ritaya yanzu. Mukan haɗu a gidan biki ko wajen gaisuwa, mu gaisa sosai, ta tambayi iyali, in tambayi nata. In za mu rabu sai ta ɗan tsaya, ta rage murya, ta ce, "Malam, ba ka tuna komi ba?" In ce a'a Hajiya. Ta ce to, Allah ya sa mu cika da imani, ta tafi.